Fashin baƙi: Wai an gano lambar da ta fi kowace lamba girma?

Da gaske ne masana a Amurka sun kai ƙarshen ƙidaya, sun gano lambar da babu wata a gaba da ita? Tambayar ke nan da wani dattijo mai sayar da hatsi a Tudun Hatsi ya tare ni da ita a teburin mai shayi a Jekadafari, bayan sallar isha'i. Ya miƙo mini wayarsa. Ɗansa ne ya turo masa saƙon ta WhatsApp, irin wanda ya sha hannu har ba a san mafarinsa ba.

"Malam, kai ne mai koyar da lissafi. An ce wannan ita ce uwar lambobi, kuma wai mutum guda ya zuba dala miliyan biyu wajen nemanta. Haka ne?"

Kafin in buɗe baki teburin ya rabu uku. Wani ya ce ƙarya ce irin ta intanet. Wani ya ce gaskiya ne, amma mutumin kuɗi ne suka yi masa yawa. Wani matashi kuma ya rage murya ya ce lamba irin wannan ba ta rasa asiri a cikinta.

Labarin yana da tushe, a hanya ne ya karkace. Ƙidaya ba ta da ƙarshe. Duk lambar da ka kawo, kome tsawonta, yaro ɗan aji ɗaya zai ce a ƙara ɗaya, nan take ta zama ƙanwa. Abin da aka gano dabam ne, kuma a wurina ya fi abin da saƙon ya faɗa daɗin ji. Na yi wa Baba alkawarin zan warware masa shi a tsanake.

Abin da ya faru

Ranar 21 ga Oktoba 2024 wata ƙungiyar 'yan sa kai masu farautar manyan lambobi da kwamfuta, mai suna GIMPS, wadda George Woltman ya kafa a 1996, ta sanar cewa ɗaya daga cikin mutanenta ya gano sabuwar lamba. Sunansa Luke Durant, mazaunin San Jose a jihar Kalifoniya, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia. Ya yi hayar dubban na'urorin lissafi masu ƙarfi ta intanet a ƙasashe 17, ya sa su aiki kusan shekara guda. Wata na'ura a Dublin ta ƙasar Ailan ce ta fara nuna alamar an dace ranar 11 ga Oktoba, washegari wata a San Antonio ta jihar Tekzas ta tabbatar.

Lambar tana da sauƙin faɗa. A jera 2 guda 136,279,841, a yi ta ninka su da juna, abin da ya fito a ɗebe masa 1. Idan aka rubuta ta a buɗe, alƙalumanta, wato 0 zuwa 9 ɗin nan da muke jerawa, sun kai 41,024,320. Darajarta kuwa a nan take: a cikin lambobin da ba su rabuwa, ita ce mafi girma da ɗan Adam ya iya tabbatarwa zuwa ranar da aka sanar da ita. Kalmomin "ba su rabuwa" da "tabbatarwa" su ne suka zube daga saƙon Baba, alhali duk maganar a kansu take.

Girman nata a ma'aunin da muka saba

Lambar waya alƙaluma 11 ce. Naira tiriliyan ɗaya, wadda muke ji a kasafin kuɗi, alƙaluma 13 ce, amma da za ka ƙirga ta naira ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ka shekara fiye da dubu 31 kana yi. Masana kimiyya sun kiyasta cewa ƙwayoyin zarra na duk sararin da ake iya hangowa, a lamba mai alƙaluma kusan 80 za su shige.

Ita tamu fa? Ɗauki littafin rubutu na makaranta mai ganye 80, a cusa alƙaluma dubu a kowane shafi. Sai an cika littafi 256 an shiga na 257. In kuma a layi ɗaya za a rubuta ta, kowane alƙalami ya ci rabin santimita, layin zai kai kilomita 205. Ka fara daga Gombe, ka wuce Lawanti, ka wuce Alkaleri, ka haye gadar Dindima, ka shiga Bauchi, da sauran tafiya mai nisa a gabanka. Wannan fa tsawon rubutunta ne kawai. Yawan abin da take nufi kuwa, babu abin da za a kwatanta shi da shi a duniyar nan.

Amma girma shi ne mafi arahar abin da lamba ke da shi. Kowa na iya rubuta 1 ya bi ta da sifiri miliyan ɗari, ya fi Durant, ba wanda zai waiwaye shi. Masu lissafi halin lamba suke bincike, kamar yadda ake binciken halin mutum kafin a ba shi aure.

Goro ɗari da ɗaya

Rabon farko kowa ya san shi daga masallaci: shafa'i da wutiri, ko cika da mara. Lambar da ta rabu biyu daidai shafa'i ce, wadda ta bar ɗaya wutiri ce.

Rabo na biyu shi ne zuciyar maganar. Ka sayo ƙwaryar goro, guda 100, za ka kai ɗaurin aure. Mutum biyu za su raba daidai, haka huɗu, biyar, goma, ashirin, ashirin da biyar, hamsin. To, sai mai goro ya yi maka gyara da guda ɗaya, suka zama 101. Yanzu gwada. Mutum biyu, saura ɗaya. Uku, saura biyu. Bakwai, saura uku. Duk yadda ka juya, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum 101 kowa ya ɗauki ɗaya. In ba haka ba sai an fasa goro. Irin wannan lamba nake kira wa ɗalibaina gagara-rabo. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29. A cikinsu 2 ce kaɗai shafa'i. Ita kuwa 1 masu lissafi sun ware ta gefe, ba ta cikin wannan dangi.

Dalilin da ya sa aka damu da su shi ne, su ne tubalin sauran lambobi. Kowace lamba da ta wuce 1, ko dai gagara-rabo ce, ko kuma an gina ta da ninkin gagara-rabo, kuma hanyar ginin ɗaya ce tak. 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5. 91, wadda take ruɗin ɗalibai kowace shekara, 7 sau 13 ce. Tiriliyan ɗin nan mai ban tsoro, in ka tone ta, tubali iri biyu kawai za ka samu: 2 guda goma sha biyu da 5 guda goma sha biyu. Lambobi 169 ne ke raba ta daidai. Gida ne babba da aka gina da bulo iri biyu. Lambar Durant kuwa dutse ne guda, ba a haɗa shi da kome ba, ba kuma ya tsaguwa.

Suna yin ƙaranci in aka yi nisa. Daga 1 zuwa 100 akwai 25. Zuwa 1,000 akwai 168. Zuwa miliyan ɗaya, 78,498. Kuma ba su da tsayayyen jeri da za ka ce bayan kowace kaza sai wata ta fito.

Abin da malaman gado suka daɗe da sani

A nan nake so in ɗan tsaya, domin akwai masu ɗaukar wannan ilimi baƙo ne da jirgi ya kawo. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanci rabon gado ya riga ya taɓa shi da hannunsa.

Malamin fara'ili yana da kaso shida da yake aiki da su: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Kafin ya raba dukiya sai ya nemo asalin mas'ala, wato lambar da duk kason za su fita daga cikinta ba tare da karaya ba. Don haka yake duban dangantakar lambobi biyu ta fuska huɗu. In iri ɗaya ne, tamasuli. In ɗaya tana shiga cikin ɗaya, kamar 3 da 6, tadahuli. In wata lamba tana raba su duka biyun, kamar 4 da 6 da 2 ke rabawa, tawafuƙi, sai asali ya zama 12. In kuwa babu abin da ya haɗa su sai 1, kamar 8 da 3, tabayuni ke nan, dole a ninka su a samu 24. Shi ya sa idan mamaci ya bar mata mai tumuni da 'ya'ya mata masu sulusi biyu, daga 24 ake farawa.

Abin da malamin yake yi, ko bai kira shi da wannan suna ba, tono tubalin lambobi ne ya ga wanne suka yi tarayya a kai. Na taɓa zama kusa da wani tsohon malami a Bolari yana warware mas'alar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Ya zana 6 a ƙasa da yatsa, ya ba miji 3, ya ba matan 4, ya ga sun kai 7, ya share 6 ya rubuta 7, ya ce ta yi auli, wato kason sun zarce asalin, sai a ɗaga shi. Ko minti ɗaya bai yi ba. Na dubi wannan 7 a cikin ƙura na ce a raina, ga gagara-rabo a tsakiyar fiƙihu. Al-Khawarizmi ma, wanda daga littafinsa kalmar aljabra ta samo suna, kaso mai yawa na littafin a kan wasiyya da gado ya yi shi. Kuma a ƙasar Hausa an yi Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rubuta littafi a kan hanyoyin tsara lambobi a gidajen hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Masu tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa har yau.

Me ya sa ba za a taɓa samun ta ƙarshe ba

Tunda suna ƙaranci, ko wata rana za su ƙare? Iƙlidis, masanin lissafi na zamanin da, ya amsa wannan a Iskandariyya kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma hujjarsa ta shiga tafin hannu.

A ce wani ya zo da takarda ya ce ga dukkan gagara-rabo na duniya, babu saura. Ninka su duka da juna, ka ƙara 1. Sabuwar lambar nan, duk wadda ka ɗauko daga takardar ka raba ta da ita, 1 zai rage. Ke nan ko ita kanta gagara-rabo ce da ba ta cikin takardar, ko kuma tubalinta ba ya cikin takardar. Ta kowace fuska takardar ba ta cika ba. Gwada da 2, 3, 5, 7: ninkinsu 210, a ƙara 1, 211, gagara-rabo ce sabuwa. Gwada har zuwa 13: za ka samu 30,031, wadda ta rabu, amma 59 da 509 ne suka raba ta, su ma ba su cikin jerin.

Saboda haka akwai gagara-rabo da suka fi ta Durant girma, ba iyaka. Mun tabbata suna nan. Kama ɗaya a nuna ta da yatsa shi ne aikin.

Dangin ninki

Masu farautar manyan gagara-rabo suna da dajin da suka fi shiga. Ka hau tsanin ninki: hawa na ɗaya 2, na biyu 4, na uku 8, na huɗu 16, na biyar 32. A kowane hawa ɗebe 1. Hawa na 2 ya ba da 3, na 3 ya ba da 7, na 5 ya ba da 31, na 7 ya ba da 127, duk gagara-rabo. Hawa na 4 kuwa 15 ne, na 6 kuma 63, duk sun rabu. Ƙa'idar ita ce, in lambar hawan tana rabuwa, abin da ya fito ma sai ya rabu.

Tsohon labarin nan na mai dara da sarki, wanda Ibn Khallikan ya kawo a ƙarni na 13, misali ne mai kyau. Ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, har gida 64. Jimillar ita ce hawa na 64 a ɗebe 1, wato 18,446,744,073,709,551,615. Ta cika baki, amma dubi ƙarshenta, 5 ne. Ɗan firamare ya san 5 za ta raba ta.

Sai dai ko lambar hawan gagara-rabo ce, ba tabbas. Hawa na 11 ya ba da 2,047, wadda take 23 sau 89. Wani malamin coci Bafaranshe, Marin Mersenne, ya fitar da jerin hawan da yake ganin za su ba da gagara-rabo a 1644, shi ya sa dangin ke amsa sunansa. Ya dace a wasu, ya kuskure a 67 da 257, ya tsallake 61, 89 da 107. Leonhard Euler ya tabbatar da ta hawa na 31, wato 2,147,483,647, a 1772. Édouard Lucas ya tabbatar da ta hawa na 127, mai alƙaluma 39, a 1876, da hannu. A 1903 Frank Cole ya tsaya gaban taron masana a New York ya nuna cewa ta hawa na 67 ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287. Ana ba da labarin cewa ko kalma bai furta ba, alli kawai ya yi ta aiki a allo har lissafin biyu suka haɗu.

Ta Durant ita ce ta 52 da aka sani a wannan dangi. Wadda ta gabace ta, ta hawa na 82,589,933 mai alƙaluma 24,862,048, Patrick Laroche ne ya same ta a Disamba 2018. Kusan shekara shida ke nan dajin bai ba da nama ba.

Yadda ake sanin halin lambar da ba wanda ya karanta

Wannan ne ɓangaren da na fi ƙauna, domin da takarda da biro za ka faɗi abubuwa game da wannan dodo ba tare da ka gan shi ba.

Da me ta ƙare? Dubi ƙarshen hawan ninki: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Wutsiyarsu tana zagaye ne, 2, 4, 8, 6, sai a koma. Raba 136,279,841 da 4, saura 1. Ke nan wannan hawa a kan 2 ya tsaya. Ɗebe 1, lambar ta ƙare da 1. Waɗanda suka buɗe ta a kwamfuta sun ga ta fara da 881 ta ƙare da 551. Haka kuma, in ka bi ragowar rabawa da 9, za ka ga zagayen hawa shida-shida ne, namu hawan ya faɗa a na biyar, 32 ke nan, saura 5, a ɗebe 1, saura 4. Ma'ana da za a tara alƙaluman nan miliyan 41 duka, a sake tara alƙaluman jimillar, a yi ta yi har a koma guda, 4 za a samu. Ba mu tara ba, amma mun sani.

Tabbatar da cewa ba ta rabuwa kuwa, ba a yin sa ta gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya. Da duk kwamfutocin duniya za su haɗu a kan haka, ba za su ko kama hanya ba. Akwai gajeriyar hanya da Lucas ya faro, Derrick Lehmer ya kammala a 1930, kuma a kan dangin Mersenne kaɗai take aiki. Fara da 4. Ninka ta da kanta, ɗebe 2, raba da lambar da kake gwadawa, riƙe ragowar. Maimaita da ragowar. Yawan zagayen shi ne lambar hawa a ɗebe 2. In ka ƙare da sifiri, gagara-rabo ce. In ba haka ba, tana rabuwa.

Mu gwada 31, hawa na 5, zagaye uku. 4 sau 4, 16, ɗebe 2, 14. 14 sau 14, 196, ɗebe 2, 194, a raba da 31, saura 8. 8 sau 8, 64, ɗebe 2, 62, a raba da 31, saura sifiri. Shi ke nan. Ita kuwa 2,047, bayan zagaye tara a kan 1,736 take tsayawa, gwajin ya kama ta ba tare da ya faɗi wa ya raba ta ba. Abin da na'urar San Antonio ta yi ke nan, babu ƙari, sai dai zagaye 136,279,839 ta yi, kowanne da lamba mai alƙaluma miliyoyi. A ƙarshe sifiri ya fito.

Kammalalliya, mai rara da mai giɓi

Akwai wani rabon da magabata suka fi so. Tara duk lambobin da ke raba lamba, ban da ita kanta. Na 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6, jimilla 16, ta wuce, mai rara ce. Na 10 su ne 1, 2, 5, jimilla 8, mai giɓi ce. Na 6 kuwa 1, 2, 3, jimilla 6 cif. Ita ce kammalalliya. Bayanta sai 28, sai 496, sai 8,128. Sabit ibn Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya yi aiki a kan aminan juna kamar 220 da 284: masu raba ta farko sun taru sun ba da ta biyu, masu raba ta biyu sun ba da ta farko.

A wannan ma'auni lambar Durant mai giɓi ce ta ƙarshen giɓi, tunda 1 kaɗai ke gare ta. Amma tana haifar da kammalalliya. Iƙlidis ya nuna cewa kowace gagara-rabo ta dangin ninki, in aka ninka ta da hawan da ke ƙasa da nata, kammalalliya ce ke fitowa: 7 sau 4, 28; 31 sau 16, 496. Euler ya zo ya nuna duk kammalalliyar da take shafa'i ta wannan hanya take zuwa. Don haka ranar da aka sami ta Durant, an sami kammalalliya ta 52, mai alƙaluma fiye da miliyan 82. Ko akwai kammalalliya wutiri? Fiye da shekara dubu biyu ana nema, ba a samu ba, ba a kuma tabbatar babu ba.

Asara ce ko riba?

Mai cewa kuɗi ne suka yi wa mutumin yawa, ban raina maganarsa ba. Durant da kansa ya faɗa wa 'yan jarida cewa ya kashe kusan dala miliyan biyu, ladan da GIMPS ke bayarwa kuwa dala 3,000 ne. Ga mutumin da ke auna masara mudu-mudu yana lissafin kuɗin makarantar yara, wannan abu ne mai nauyi a kunne. Kuma gaskiya ce, lambar kanta ba ta da wani aiki da za a sa ta yau. Ko a harkar kulle sirri ba ta da amfani, ta yi girma da yawa, kuma kowa ya san ta.

Masu kare aikin suna nuna abin da ake tsinta a hanyar farauta. A 1994 Thomas Nicely yana lissafi a kan gagara-rabo ya gano cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Pentium tana kuskure wajen rabawa, abin da ya sa kamfanin Intel ya karɓi kayansa ya musanya. A farkon 2016 manhajar GIMPS ta sake tono wani aibi a wata ƙwaƙwalwar ta Intel. Ni ina tare da su, amma hujjata ta fi wannan sauƙi. Lokacin da Euler ke wasa da ragowar rabawa, ba wanda ya san za a yi banki a waya. Bayan shekara wajen ɗari biyu, a kan wannan wasan aka gina makullin da ke tsare sirrin bankin.

Shi kuwa matashin da ke zaton asiri, amsarsa a fili take. Lambar tana intanet, kowa na iya saukewa. Ba ta faɗin lambar caca, ba ta buɗe asusun kowa. Duk wanda ya ce maka yana da wata lamba ta musamman da za ta ninka maka kuɗi, aljihunka yake nema.

Inda abin ya taɓa mu

Na taɓa rubuta 89 sau 97 a allo, kafin in juya an ba ni amsa, 8,633. A wani ajin na rubuta 8,633 na ce a nemo mini lambobi biyun da suka haife ta. Har aka kaɗa ƙararrawa ana fama. Ninkawa sauƙi, warwarewa wuya. A kan wannan bambanci Rivest, Shamir da Adleman suka gina tsarin kulle saƙo na RSA a 1977. Ana ɗaukar gagara-rabo biyu, kowace mai alƙaluma wajen 300, a ninka su, a bar ninkin a fili, a ɓoye iyayen. A 2020 masana sun fasa irin wannan lamba mai alƙaluma 250, bayan aikin da ya kai kimanin shekara 2,700 in da ƙwaƙwalwar kwamfuta guda ce ta yi shi. Waɗanda ake amfani da su yanzu alƙaluma 617 gare su.

Ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya a jikin katin ATM, wanda kake miƙa wa mai POS a Tashan Dukku, da irin wannan lissafi yake shaida cewa shi na gaske ne. Saƙon da ya ruɗa Baba ma, WhatsApp da gagara-rabo ya kulle shi a hanya: hawa na 255 a ɗebe 19, lamba mai alƙaluma 77. Makullin yana da ƙarfi ƙwarai. Shi ya sa ɗan damfara ba ya ɓata lokaci wajen fasa shi, sai ya kira ka ya ce daga banki yake, ka karanto masa lambar sirri da bakinka.

Abin da ke ci mini rai kuwa yana cikin aji. A wata makaranta da na koyar, darasi ɗaya tak aka ware wa wannan babi. Yara su haddace 2, 3, 5, 7, 11 don jarrabawa, a wuce. Na nemi ƙarin darasi ɗaya in nuna musu hujjar Iƙlidis, aka ce ba ta cikin abin da ake tambaya. Yaran nan da yawansu da yamma suna zaure suna jin tawafuƙi da tabayuni, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa abu ɗaya suke karantawa safe da yamma. Wannan fanni ba ya bukatar ɗakin gwaji, ba ya jiran wuta. Takarda ce da biro da malamin da zai ba yaro lokaci.

Zangon da ya wuce na nuna wa 'yan aji huɗu na sakandare gwajin 31, na ce mai so ya gwada 127 a gida, zagaye biyar. Washegari wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ban cika jin muryarta ba, ta biyo ni bakin ofis da takarda a ninke. Ta rubuta 14, 67, 42, 111, sai sifiri da ta zagaye da jan biro.

"Malam, na hawa na 13 fa, zagaye nawa ne?"

Na ce goma sha ɗaya, lambar kuma 8,191 ce, ninkin zai kai alƙaluma takwas. Ta ce a ba ta zuwa Litinin.